Daga Samaru Zuwa Ina? Fashin Baƙi Kan Makomar Masu Digiri a Arewa

A falon kawuna akwai wani hoto da ya girmi duk 'ya'yansa. Yana tsaye cikin rigar yaye ɗalibai, hula mai tuntu a ka, kwali a naɗe a hannu, bishiyoyin Samaru a bayansa. Duk baƙon da ya kuskura ya tsaya kallon hoton sai ya sha labari, labarin kuma ba ya canzawa: tun bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba ma'aikatu uku suka aiko neman sa, ya zaɓi wadda ta fi kusa da gida, bai cika shekara da kama aiki ba aka ba shi rancen mota da gidan gwamnati. A gindin wannan hoton ne, ranar wata Babbar Sallah, ya dubi autansa da ya gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, ya ce, "Ni dai ban san me kake jira ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ana dai ta nema."

Cikinsu babu maƙaryaci. Abin da ya raba su shi ne kowa da kasuwar da ya tarar ranar da ya fito da hajarsa, kuma sai an fahimci kasuwannin nan biyu za a gane inda masu digiri suke dosa yau.

Duk jami'ar da za ta yi bikin yaye ɗalibai sai ta karanto jerin 'ya'yanta da suka yi fice, kuma a Arewa babu mai jeri irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a can ya gama digirin koyarwa da kimiyyar sinadarai a 1975, ya yi malanta, ya yi gwamnan Katsina, a 2007 ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko da ya hau kujerar da digirin jami'a a hannu. A 1975 ɗin ne Zainab Bulkachuwa ta gama karatun lauya, ita ce kuma macen da ta fara shugabantar Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2014. Namadi Sambo zanen gine-gine ya karanta a waɗannan shekarun. Nasiru El-Rufa'i ya fita a 1980 da sakamako mai daraja ta ɗaya a fannin ƙididdigar kuɗin gini. Shekarar 1981 kaɗai ta fitar da Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014 kafin sarautar Kano, da marigayi Muhammad Barkindo da ya zama babban sakataren ƙungiyar OPEC a 2016, da Zainab Shamsuna Ahmed da ta yi ministar kuɗi. A Kano kuma Attahiru Jega ya gama digirinsa na farko a kimiyyar siyasa a 1978, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya shugabanci Jami'ar Bayero, sannan ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015.

A dubi shekarun da kyau. Duk waɗannan sunaye sun taru ne tsakanin 1975 da 1981, shekara bakwai kacal. Wani zai ce ai dole, tunda sai mutum ya yi shekara talatin yana aiki kafin ya kai ƙololuwa, kuma da gaskiyarsa. Amma tsawon shekaru kaɗai bai isa ya bayyana yadda 'yan aji ɗaya suka cika ma'aikatu da bankuna da kotuna ba. Sun fito ne a lokacin da ƙasa ke yunwar masu ilimi, masu ilimin kuma ba su taka kara sun karya ba.

Lokacin da aka buɗe jami'ar Zariya a watan Oktoban 1962, jami'o'i biyar ne a duk faɗin Najeriya: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, sai ita. Guda ɗaya tak ke nan ga yankin da ya fi rabin ƙasar girma. Tun kafin nan gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar damƙa aikin gwamnati a hannun 'yan Arewa, Turawa na tattara komatsansu, ga kujeru babu masu zama. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan Kudu da yawa suka koma gida, wasu kujerun suka ƙara zama wayam. Sai aka zo aka yanka ƙasa jihohi 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976. Kowace sabuwar jiha na buƙatar manyan sakatarori, da alƙalai, da injiniyoyin hanya da na ruwa, da likitocin dabbobi, da shugabannin makarantu. A 1976 ɗin aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yanke shawarar gina Abuja. Dokokin 1972 da 1977 na mai da hannun jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa sun buɗe kujerun manajoji. Kuɗin biyan duk wannan kuwa akwai su, domin farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi daga 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a 1974, naira ta fi dala daraja.

Ɗalibin wancan zamani ma a shagwaɓe yake. Abinci ana dafa masa a ɗakin cin abinci bisa rangwame, har ta kai ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar 1978 da aka fi sani da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Ahmadu Ali, inda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Rukunin farko na masu bautar ƙasa da gwamnatin Gowon ta tura a 1973 bai kai mutum 3,000 ba. Yau hukumar na yaye sama da 300,000 a shekara. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya amsa wa kawu rabin tambayarsa.

Faɗin haka ba rage wa mutanen darajarsu ba ne. Sun yi karatu na gaske, a hannun malamai na gaske, a ɗakunan gwaji masu kayan aiki. Sai dai kowa ya samu rana ya yi shanya, su kuwa rana suka samu mai zafi.

Rana ta fara yin sanyi a farkon shekarun 1980. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sojoji suka zo suka rage ma'aikata, sannan a 1986 Babangida ya kawo shirin SAP, wanda ya karya darajar naira ya kuma sa gwamnati ta fara janye hannu daga kamfanoninta. Abin da ya fi yi wa Arewa illa shi ne mutuwar masana'antu. Unguwar Kakuri a Kaduna a da gari ce ta masaƙu, tun daga masaƙar farko da aka buɗe a 1957, kuma masaƙa ba masu saƙa kaɗai take ɗauka ba. Tana buƙatar akanta, da injiniyan lantarki, da masanin rini, da lauya, da jami'in kula da ma'aikata. Zuwa shekarun 2000 manyan masaƙun nan sun rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da kwararowar atamfar waje ta ɓarauniyar hanya. Haka aka gani a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Bankin Arewa, wanda ya horar da ma'aikatan banki da yawa daga yankin, ya narke cikin bankin Unity bayan haɗe bankunan da aka yi a 2005, lokacin da suka ragu daga 89 zuwa 25, akasarinsu kuma hedikwatarsu na Legas. Da haka aka wayi gari a jihohin Arewa da dama babu wani babban mai ɗaukar mai digiri aiki sai gwamnati, gwamnatin kuma albashin waɗanda ke hannunta ma yana gagarar ta.

A daidai lokacin da ƙofofi ke rufewa ne jami'o'i suka yi ta haihuwa. An buɗe na Sakkwato da Maiduguri da Jos a 1975, kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, jihohi suka shiga kafa nasu, masu zaman kansu suka fara a 1999. Yau sun haura 250, kuma kusan matasa miliyan 2 ke zana jarrabawar JAMB duk shekara. Wannan ci gaba ne, kada a yi kuskure. Ɗan manomi daga Gumel ko Yawuri da a 1970 ba zai ko yi mafarkin jami'a ba, yanzu yana iya samun ta a jiharsa. Amma kwalin da a da shi kaɗai ke buɗe ƙofa ya koma tikitin shiga layi.

Wanda yake son ganin tsawon layin ya tuna ranar 15 ga Maris, 2014. Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki su zana jarrabawa a filayen wasa a faɗin ƙasa. Mutum sama da 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Turmutsutsu ya ɓarke a Abuja da wasu garuruwa, mutum sama da 15 suka mutu, ciki har da mata masu juna biyu. Masu digiri ne, sanye da fararen riguna da gajeren wando kamar yadda aka umarce su, suka tattake juna a ƙofar filin ƙwallo.

Tun daga nan salon ɗaukar aiki ya ƙara komawa ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikatu da yawa kan nemi izinin cike gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu ba tare da sun yi talla ba, sai dai kawai a ji an raba takardun kama aiki. Tsarin mulki ya tanadi a riƙa raba muƙamai tsakanin jihohi, an kuma kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya a 1996 don ta sa ido, tanadin da ya taimaki jihohin da suka makara a boko ƙwarai da gaske. Amma kason jiha abu ɗaya ne, wanda zai ci kason kuma wani abu ne daban. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike kan cinikin guraben aiki, aka ji shaidu a bainar jama'a suna ba da labarin yadda suka biya kuɗi don a sa sunansu. Abin da matasa ke faɗa a majalisar shayi shi ne wanda aka ji a majalisar tarayya: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Akwai wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba, shi ne bautar ƙasa kan zama shekarar da yaro ya fi samun kuɗi, ba mafarin samu ba. Alawus ɗin da a da yake naira 19,800 ya koma 33,000 a 2020, ya kai 77,000 a 2025, wato ya ɗara mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ranar da aka miƙa wa yaro takardar sallama, ana ɗaukar hotuna da kakin nan, ita ce ranar da wayarsa ke daina ƙarar shigowar kuɗi a ƙarshen wata. Aikin da ya fi saurin samuwa bayan nan shi ne koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa, inda sau da yawa albashin bai kai rabin alawus ɗin da ya saba karɓa ba. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗan toshe wannan ɓaraka da naira 30,000 a wata ga dubban ɗaruruwan matasa, amma na wucin gadi ne, wa'adi na cika aka sallame su suka dawo layi.

To mutum nawa ne ba su da aiki? Nan ma sai an yi hattara da alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Babu wata masana'anta da aka buɗe a tsakani da ta haɗiye miliyoyin mutane. Ma'auni aka canza: yanzu duk wanda ya yi aikin da ya samu kuɗi ko na awa ɗaya a mako ana lissafa shi mai aiki. Saboda haka injiniyan da ke zaune a rumfar POS a bakin titi mai aiki ne a takarda. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna abu biyu da suka fi wancan kason amfani. Sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna yi ne a wuraren da babu takardar kama aiki babu fansho. Sannan rashin aikin ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka wuce sakandare fiye da waɗanda ba su yi boko ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda bai yi makaranta ba ba shi da abin jira, gari na wayewa ya fita dako ko gona. Mai digiri kuwa jira yake, wani lokaci don kunyar idon mutane, wani lokaci don gida sun ce ba don wannan aka kashe masa kuɗi ba.

Duk da haka akwai masu tsallakewa, kuma hanyoyinsu ba sihiri ba ne. Mafi tabbas ita ce sana'ar da doka ta killace da lasisi. Likita, da mai haɗa magunguna, da ma'aikaciyar jinya, da lauyan da ya wuce makarantar horar da lauyoyi irin ta Bagauda ko ta Yola, da akantan da ya ci jarrabawar ICAN ko ANAN, dukkansu suna da abin da ba kowa ke da shi ba. Likitocin ma matsalarsu ta juye: aikin yana nan, su ne ba sa zama. Na Kudu sun fi nufar Ingila da Kanada, namu na Arewa da yawa Saudiyya ce ke jan su, ga albashi ga Makka da Madina a kusa. Jiha ta kashe kuɗi ta horar da yaro shekara shida, ya yi shekara biyu a asibitin gwamnati, sai a ji shi a Jidda. Ga shi da iyayensa nasara ce babba. Ga mai naƙudar da ke jiran likita ɗaya tilo a babban asibitin ƙaramar hukuma kuwa, labarin daban ne.

Hanya ta biyu ita ce wuri. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai da manyan kamfanonin binciken kuɗi a Legas suke ɗaukar sabbin ma'aikata, sai ɗan abin da ya samu a Abuja da Fatakwal. Ɗan Arewan da ya ce shi ba zai iya zaman Ikko ba ya riga ya cire kansa daga rabin kasuwa. Kuma waɗannan kamfanoni kan sa ƙa'idar shekaru, galibi kada mai nema ya wuce 26 ko 27. A nan ne yajin aikin malaman jami'a ke yin ɓarnar da ba a gani. Na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas cif, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaron da ya yi shekara biyu yana neman gurbin karatu, yajin aiki ya cinye masa wasu biyu, ya ƙara da shekarar bautar ƙasa, sai ya iso ƙofar banki ya tarar ya tsufa da aikin da bai taɓa yi ba. Ɗan mai hali da ya yi jami'ar kuɗi ko ya tafi Masar ko Malesiya ya gama yana da shekara 21. Ko da ƙwaƙwalwarsu ɗaya, ba tare suka tashi tseren ba.

Akwai kuma kwasa-kwasan da ake yi wa dariya a harabar jami'a, sai ga shi suna ciyar da masu su. Wanda ya karanta Hausa ya sha jin "Hausar ma sai an je jami'a?" Amma tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 harshen yake ba da aiki, kuma yanzu ga DW da RFI da TRT Afrika, ga gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun buɗe Freedom a Kano a 2003, ga tashar Arewa24, ga aikin fassara da kamfanonin fasaha ke nema ta intanet. A Maiduguri kuma, rikicin Boko Haram ya jawo ƙungiyoyin agaji na duniya, suka ɗebi ɗaliban jami'ar garin masu jin Kanuri da Hausa da Turanci da albashin da gwamnan jiha ba zai iya biya ba. Wannan hanyar ma ta nuna iyakarta a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, ma'aikata da yawa suka wayi gari babu ofis.

Mafi yawan masu digiri dai kasuwa ce ke karɓar su, kuma a nan ne nake ganin ba mu yi musu adalci. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Kantin Kwari, ko Dawanau, ka tambayi masu shaguna 'yan ƙasa da shekara arba'in me suka karanta. Na san wani da ya karanta kimiyyar noma, ya yi shekara huɗu yana yawo da ambulan mai ruwan ƙasa daga wannan ma'aikata zuwa waccan, takalminsa ya san duk matakalar sakatariya. Daga baya ya bi wani ɗan'uwan mahaifiyarsa Dawanau yana riƙe masa littafi. Abin da ya bambanta shi da sauran yaran shago ƙanana ne: ya san yadda ake auna danshin riɗi, ya iya karanta takardar yarjejeniya da kamfanin da ke fitar da kaya waje, ya san dalilin da ke sa a dawo da kaya daga tashar jirgin ruwa. Yau yaransa sun fi goma. Amma har gobe in mahaifiyarsa na ba da labarinsa sai ta ce, "Bai dai samu aiki ba, yana ɗan taɓa kasuwa." A wajenmu wanda ba ya karɓar albashi bai samu aiki ba, ko da shi ke biyan wasu albashi.

Mata kuwa labarinsu ya fi ɓuya. Da yawa kan yi aure kafin su gama ko da zarar sun gama, hukumar bautar ƙasa ma ta ba matar aure damar yin hidimarta a jihar da mijinta yake. Daga nan sai a ɗauka digirin ya shiga akwati. Alhali a cikin gidajen nan ne ake gudanar da cinikin atamfa da turaren wuta da kek da abincin biki ta WhatsApp da Instagram, da makarantun Islamiyya da na rainon yara da mata masu digiri suka kafa. Kuma ko an cire maganar kuɗi, uwar da ta yi jami'a ita ke karanta takardar magani, ita ke duba aikin gida, ita ke sanin lokacin da za a ruga asibiti. Babu jami'ar da ke karanto wannan a jerinta.

Wannan ya kawo mu ga muhawarar da ta cika shafukan sada zumunta a 'yan shekarun nan, wai digiri ne gaba ko sana'a. Masu cewa boko ɓata lokaci ne kan kafa hujja da attajiran kasuwa. To amma Aliko Ɗangote da ake yawan ambata ya yi digiri a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, kuma jarinsa na farko daga gidan Ɗantata ya fito, dangin mahaifiyarsa, gidan da ya yi kusan ƙarni yana fatauci. Yaron da ba shi da irin wannan gida, aka ce masa ya bar makaranta ya kama kasuwa, da me zai kama? Misalin da ya fi kusa da talaka shi ne na Babagana Zulum, wanda da bakinsa yake faɗin ya yi tuƙin motar haya yana karatu, ya gama injiniyancin noma a Jami'ar Maiduguri, ya kai farfesa, ya zama gwamnan Borno a 2019. Bai ajiye ɗaya don ɗaya ba. A ganina masu zagin digiri sun bar jaki suna dukan taiki. Inda gaskiyarsu take shi ne a kan ingancin abin da ke cikin kwalin. Ajin da mutum ɗari biyar ke cunkushe, ɗalibin kwamfuta da ya gama bai taɓa rubuta manhaja mai aiki ba, kundin binciken ƙarshe da ake saye a shagon buga takardu, duk suna nan. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da amincewa da takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Mai ɗaukar aiki da ya ga irin wannan dole ya daina yarda da takarda, ya koma neman wanda wani ya tsaya masa. Mai kwalin gaske shi ke biyan bashin mai na bogi.

Jami'o'in kansu suna da laifin da ba a cika faɗa ba. Sun san adadin waɗanda suka yaye da darajar sakamakon kowa, amma ba su da al'adar bibiyar inda suka shiga. A Birtaniya akwai binciken da ake yi wa ɗalibai wata 15 bayan kammalawa, a tambaye su aikin da suke yi da abin da suke samu, a wallafa, uba ya duba kafin ya zaɓar wa ɗansa kwas. Mu a nan, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kan farfaɗo ne in ɗaya daga cikinsu ya zama gwamna ko minista, a kai masa ziyarar taya murna, a roƙe shi ya gina ɗakin karatu. Shi ya sa jerin da ake karantowa a bikin yaye ɗalibai kusan duk masu muƙamin gwamnati ne. Malamin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi a Birnin Kudu, da masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a cibiyar binciken noma ta Samaru yana fitar da irin wake da dawa da manoma ke shukawa daga nan har Maraɗi, ba su cika shiga ba, balle mai riɗin Dawanau.

Abin mamaki, mai yiwuwa bashi ne zai tilasta a fara ƙirga su. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya, kuma ɗaliban jami'o'in Arewa na cikin waɗanda suka fi rungumar sa. Sharaɗin shi ne a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi daga wajen mai ɗaukar aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa turawa daga ribarsa. Waɗanda suka karɓa suna ajin ƙarshe za su fara shiga wa'adin biya wajen 2027 zuwa 2028. A lokacin ne hukuma za ta buƙaci sanin wane ne ke ofis, wane ne ke rumfar POS, wace ce ke sayar da turare daga ɗakinta, da wanda har yanzu ke zaune a gindin hoton babansa yana cewa ana dai ta nema.